Kujerar Bakin Taga Ta Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙugu mai cike da ciwo, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan arziki, na kusa da na nesa, rasuwar kujerata, wadda aka fi sani da Kujerar Bakin Taga. Ta rasu ranar Talatar da ta wuce bayan la'asar, a falon ɗana, tana da shekara arba'in da ɗaya a duniya, bayan wata 'yar gajeriyar jinya da aka yi mata ba da yawuna ba. Ina zaune a kanta rai ya yi halinsa.

Ni ban yi boko ba. Ƙanwata, malamar makaranta da ta yi ritaya, ita ke rubutawa ina faɗa mata. Ta ce, "Yaya, ba a cewa Allah ya jiƙan kujera." Na ce to, ta rubuta Allah ya ba mu haƙurin rashinta, ni da ƙuguna. Ta rubuta.

Duk wanda ya taɓa shigowa gidan nan ya san marigayiya, ko da bai gaishe ta ba. Ita ce ja-ja-jan nan mai hannu biyu da ke zaune a bakin taga. Daga kanta ana ganin ƙofar gida, ana ganin ƙofar kicin, ana ganin rabin talabijin, kuma rabin ya ishi mai hankali. Tun da mahaifin yaran nan ya rasu, na dawo gidan ɗana shekara tara ke nan, wurin da ƙafafunta huɗu suka taka shi ne rabona a falon nan. A nan nake karyawa, a nan jikokina mata biyu ke tarar da ni in sun dawo makaranta, a nan nake sanin wanda ya shigo da fuska a ɗaure tun kafin ya yi sallama. Yau kwana shida ke nan ba ni da wurin zama a cikin mutane. An mayar da ni ɗakin baya, cikin girmamawa ƙwarai.

An haifi marigayiya a shagon kafintan tsohuwar unguwarmu, wanda har yau yana raye, yana aiki, sai dai kunne ya yi nauyi. Maigidana tela ne. Da ya ga cikina na fari ya tsufa, zaman tabarma yana gagarata, sai ya je ya ce a yi min abin zama mai baya. Yadin da aka rufe ta da shi ma shi ya ɗinka. Ta iso gidanmu da wata biyu na haifi ɗana, wanda yanzu kowa ke kira Injiniya. Don haka yayarsa ce. A kanta ya sha nono, a hannunta na hagu ya koyi tsayuwa, a bayanta yake ɓuya in ya yi laifi. Na faɗi wannan ne don masu zuwa gaisuwa su san da wa za su fara.

Akwai abin da ya kamata a sani game da lafiyarta, don an yi ta yaɗa cewa gurguwa ce. Ƙarya ake mata. Tsohon gidanmu ne ya karkace, daɓen ɗakin ya fi tudu ta wajen bango. Maigidana ya kira kafinta ya rage ƙafarta ta baya ta dama kamar faɗin yatsa uku, ta zauna daram, shekara talatin da biyu ba ta motsa ba. Da muka dawo gidan Injiniya, inda ƙasa take a miƙe kamar faranti, sai ta fara ɗingishi. Kafinta ya yanko wani ɗan katako, girman sabulun wanka da aka yi kwana uku ana amfani da shi, ya tura a ƙarƙashin ƙafar. Shi ke nan. Shekara tara ana shara ana kewaye shi. Ɗan katakon nan shi ne maganinta na kullum, kuma kowa a gidan ya sani, in dai ana kiran gani kullum sani.

Marigayiya ba mai surutu ba ce. Magana biyu gare ta a duniya. In ka zauna sai ta ce ƙiiii, a hankali, kamar mai amsa gaisuwa. In ka tashi ta ce ƙwas. In maigidana ne ya zauna takan ja ƙiiii ɗin ya yi tsawo, don mutum ne mai jiki. In jikokina suka hau su biyu suna tsalle, sai ta haɗa maganganun biyu a jere, ƙiiii-ƙwas, ƙiiii-ƙwas, har in jiyo daga banɗaki in daka musu tsawa. Ban da wannan ba wanda ya taɓa jin bakinta, kuma ta ji abubuwa. A kanta aka zo neman auren 'yata. A kanta na ji labarin rasuwar mahaifiyata. Matan da suka zauna a gefenta suka zagi mazajensu ba su ƙirguwa, ba ɗaya da maganarta ta fita.

Mai riƙon amana ce. Tsakanin katifarta da hannunta akwai wani ɗan rami, duk abin da ya faɗa ciki yana nan har ranar da za a neme shi: carbi, makulli, matsefi, abin canza tashar talabijin. Ba ta taɓa neman a sa mata caji ba. Da wuta ko ba wuta aikinta take yi.

Kuma ta binne da yawa. Wannan ina so a rubuta shi da kyau, don ya nuna irin haƙurinta.

Matar ɗana, wadda har yau Amarya nake ce mata duk da ta shekara goma sha biyu a gidan, yarinyar kirki ce. Kada wani ya karanta wannan ya je ya ce na zage ta. Ita ke yanke min farce. Ita ke tuna ranar asibitina in ɗan da na haifa ya manta. Ciwonta ɗaya ne: akwai wata mata a cikin wayarta. Ba mu taɓa ganinta ido da ido ba, ba ta taɓa zuwa mana barka ko jaje ba, amma ita ke mulkin gidan nan. Abin da ta ce da safe, da yamma mota ta kawo shi.

Shekarar da na zo, matar waya ta ce kujerun fata ake yayi. Aka kawo wasu manya baƙaƙe kamar dorina uku sun kwanta a falo. Kujerata ta dube su kawai. Bayan shekara biyu suka fara saɓa, kowa ya tashi sai ka ga baƙin ɓawo a bayan rigarsa, aka fitar da su. Sai matar waya ta ce masu ruwan gwal. Waɗannan ba a jingina da su, zanen bayansu yana cizon mutum, baƙo yakan zauna a miƙe kamar wanda ya zo neman aiki. Su ma suka tafi. A tsakani an yi keken motsa jiki, wanda aka tuƙa kwana huɗu, yanzu shekara biyar ke nan yana shanya tawul, kuma ya iya. An yi injin matse 'ya'yan itace, muka yi mako guda muna shan ruwan ganye kore kamar awaki. An yi tukunyar da ke suya ba mai, abin da ta soya sai an shafa masa mai kafin ya haɗiyu. An yi wani ƙaton kofi mai layi-layi a jiki, wai shi zai gaya maka lokacin shan ruwa. Na tambayi Amarya ko ƙishirwa ta bar aiki ne. Ta ce, "Mama, ba za ki gane ba." Gaskiyarta. Ban da keken, duk suna nan a ɗakin ajiya, an jera su, wani kan wani. In na wuce ta ƙofar nakan yi musu sallama.

Duk wannan zamani ba wanda ya taɓa kujerata. Sau biyu dai an rufe ta da zanin gado da baƙi za su zo. Ta jure.

Ciwon ajali ya soma ne bana, da matar waya ta tashi wata safiya ta ce ashe kaya ne ke danne wa mutum zuciya. Wai falo ya zama fari fat, fayau, ba komai. Kuma kowace rana mutum ya nemi abu goma a gidansa ya zubar, har wata guda. Na ce wa Amarya, "Wannan ba ita ce ta ce a sayi kayan ba?" Ta ce, "Ai ta waye yanzu, Mama." Na ce madalla. Na lura dai da ta gama wayewar sai ta nuna inda ake sayar da fararen kujeru.

Aka kawo su. Farare tas, gajeru, dab da ƙasa. Na gwada ɗaya ranar farko, na nutse, sai da Injiniya da Amarya suka kama ni hannu bibbiyu suka ciro ni kamar guga. Aka kafa doka: ba ci, ba sha a kansu. Aka shimfiɗa farin kafet. Aka cire hotuna, aka cire agogon bango, aka cire labule aka sa wani mai kama da gidan sauro. Falon ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ya yi kama da inda ake jiran likita. A tsakiyar wannan farin duka, ga marigayiya a bakin taga, ja, da ni a kanta.

Zubar da abu goma kuwa, kwanakin farko da sauƙi. Tsofaffin takalma, murafen da ba tukunya, cajar wayoyin da suka mutu. Kowace rana Amarya ta jera su a ƙasa ta ɗauki hoto ta tura wa matar waya da jama'arta. Amma gida ba kasuwa ba ne, abin zubarwa yana ƙarewa, kuma ɗakin ajiya ba a taɓa shi, wai kayan masu tsada ne. A rana ta goma sha tara ta samu tara, ɗaya ya gagara. Ta zaga kicin, ta zaga ɗakin yara. Ni ina wanka. Ta sunkuya ta hango ɗan katako a ƙarƙashin kujera. Na goma ya samu.

Da na fito na zauna, sai na ji mun tafi baya ni da ita. Ta ce ƙiiii, amma muryar ba tata ba ce. Na tambaya. Amarya ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo Mama, na zaci datti ne!" Ta fita da gudu, motar shara ta riga ta wuce. Har ta yi ƙwalla. Na ce ba komai, a kira kafinta, ko guntun da ya faɗi a shagonsa ya isa.

A nan ne Injiniya ya shigo maganar. Ya ce, "Haba Mama, ina gidan nan za a kira kafinta a kan ɗan wannan?" Ni dai ban san injiniyan mene ne ba. Na san kullum yana gaban kwamfuta, kuma ƙwan fitila in ya mutu mai gadi ake kira. Ya ce toshe-toshe da katako aikin da ne, shi zai ƙara mata tsawon ƙafar gaba ɗaya, ya gani a waya. Ya nuna min. Wani mutum ne da ba a ganin fuskarsa, hannuwa kawai. Teburi ya fashe, sai ya ɗauko busasshiyar taliyar nan ta leda da yara ke so, ya farfasa, ya cusa a ramin, ya tsiyaya gam, ya goge, ya shafa fenti. Teburi ya koma sabo. Ya yi wa kwanon wanke hannu haka. Ya yi wa ƙofar mota haka. Injiniya ya ce, "Kin gani? Mutum miliyan nawa suka kalla." Na ce, "Ka ga inda ya zauna a kai?" Ya yi dariya ya ce Mama ke nan.

Ranar Asabar aka yi mata aiki. Aka kwantar da ita a tsakar gida, ƙafafu sama, abin da ba a taɓa yi mata ba. Amarya ta kafa wata fitila mai zagaye ta ɗaukar hoto, tana ɗauka da waya. Injiniya ya ɗaura wa marigayiya wata doguwar ƙusa mai murɗi a tafin ƙafa, wai don taliyar ta samu abin kamawa. Na ji katakon ya yi wata 'yar ƙara. Na ce ta yi magana fa. Ya ce haka katako yake yi. Leda biyu da rabi ta ci, sauran rabin jikokina suka cinye a tsaye. Ya zuba gam, ya goge, tunda fenti yana hannu kuma sai ya shafe duk ƙafafun huɗu da fari don su dace da falo. Wallahi aikin ya yi kyau a ido. Amarya ta tura, kafin magariba ta zo tana murna wai mutum dubu uku sun ce ya burge su. Na ce a cikin dubu ukun ko akwai mai son ya fara zama. Ba a samu ba. Ni na fara.

Kwana goma sha ɗaya ta yi a tsaye. A rana ta huɗu na ga masu dubiya sun fara zuwa. Kiyashi ne, layi guda, daga ƙofar kicin, ta gefen farin kafet, har gindin ƙafar baya ta dama. Suna zuwa hannu wofi suna komawa da kaya. Masu ladabi ne, ba hayaniya. Na nuna wa Amarya, ta fesa musu turaren ɗaki. Washegari suka dawo da danginsu. Na gaya wa Injiniya, ya leƙa daga tsaye ya ce gam ɗin nan ko guduma ba ta fasa shi. Na ce ai ba da guduma suka zo ba.

Ranar Talata bayan la'asar na haɗa shayina na zo na zauna. Ba ta ce ƙiiii ba. Shekara arba'in da ɗaya, ranar ce kaɗai na zauna ta yi shiru, kuma a nan na san an zo wurin. Sai na ji ɓas. Taliyar ta zama hoto, ciki ba komai sai fenti, ƙusar kuma ta tsaga ƙafar tun daga ƙasa har gindi. Amma ku ji halin kirki: ba ta yar da ni ba. A hankali ta tafi, ta jingina kafaɗarta da bango, ta sauke ni ƙasa kamar yadda ake sauke jariri. Shayin ne kawai ya tafi kan farin kafet. Tabon yana nan, faɗin faranti. Ni na ɗauke shi wasiyya.

Injiniya ya rikice, ya ɗauke ni sai asibiti. Aka haska, ba abin da ya karye, ƙugu ne ya bugu. A hanyar dawowa yana ta cewa, "Mama ki yafe min," na ce ni ai da sauƙi, yayarsa zai nema. Muna isowa na hango ta a waje, gefen kwandon shara, ƙafa uku a sama. Na shiga falo, a bakin taga an ajiye wata bishiyar roba a cikin farar tukunya, daidai kan tabon.

Washegari aka kawo min sabuwar kujera. Ba su yi rowa ba, a rubuta wannan ma. Baƙa ce, ƙatuwa, mai tausa. In ka zauna sai ta kama maka ƙafafu, wata mata ta yi magana daga cikinta da yaren da ban sani ba, sannan a fara dukanka ta baya. Da yake baƙa ce ba ta dace da falo ba, kuma wai wurin sa wutarta ya fi kyau a ɗakina. Aka kai ta can. Aka kawo min talabijin tawa ni kaɗai, cikakkiya, ba rabi ba. Abinci a kan tire. "Mama, don ki huta." Ina hutawa. Ta bango nake jin jikokina sun dawo makaranta, ina jin dariya a falo ban san abin da aka faɗa ba. Shekaranjiya aka yi baƙi suka tafi, sai da daɗewa na ji labari. Yaran sukan leƙo su gaishe ni, su hau mai tausar ta dake su, su fita. Ba wanda ya kore ni. Kowa yana ƙaunata, a ɗakin baya.

Gawar ba ta kwana biyu a waje ba. Na sa ƙanwata ta kira kafinta, ya zo da amalanke tun kafin motar shara, ya ɗauke ta. Jiya muka je gani. Ya ɗaga ƙafar, ya ƙanƙara da wuƙa, ya kai hanci ya shinshina. Ya dube ni ya ce, "Hajiya, wa ya dafa ta?" Na ce ɗana ne, injiniya. Ya ce me? Na ɗaga murya na ce INJINIYA. Ya ce, "Allah ya ƙara ilimi." Ya ƙwanƙwasa bayanta da hannuwanta ya ce katakon nan ko yau ya fi shi lafiya. Ƙafa ɗaya ce, yana da irin itacen a ajiye, aikin yini guda ne, kuma wannan karon daidai da sauran zai yanka ta, ba sauran ɗingishi. Na ce kada ya taɓa tukuna. Ba zan tashe ta don a kai ta ɗakin baya ta zauna gefen mai dukan mutane ba. In ba bakin taga ba, a bar ta ta huta.

Muna nan sai ga wasu 'yan mata biyu sun tsaya, suka yi ta ɗaukar hoto a jikinta, ƙafa uku da komai. Ɗaya ta ce a sayar mata, wai kayan da ne za a fara yayi. Kafinta ya ce min, "Kin ji ko? Ki yi haƙuri wata shida, matar wayar da kanta za ta ce a nemo irinta." Na ce na sani. Na ga fata, na ga gwal, na ga fari, na san ja ma zai zagayo. Wata shidan ne ba wanda ya sa min hannu a kai.

Da ya cire katifar ya zura hannu can ƙasan ramin nan nata, ya fito da abin da ta bari: ƙwayar carbi uku, ɗan kunne ɗaya da na yi shekara ashirin ina zargin wata baiwar Allah da shi, Allah ya yafe min, sai wani ɗan guntun alli shuɗi, irin na tela, ya sha aiki har ya zama kamar farce. Na maigidana ne. Yakan saƙala shi a kunne in ya dawo shago ya zauna. Ban san ta ajiye ba. Ƙanwata ta ce in dakata in sha ruwa. Na sha. A ci gaba.

Marigayiya ta rasu ta bar ni. Ta bar ƙanenta Injiniya, wanda tun ranar ba ya iya haɗa ido da taliya. Ta bar jikoki biyu. Ta bar 'yarta guda, 'yar ƙaramar kujerar ɗora ƙafa, wadda ke ɓoye a wurin da ba zan faɗa ba har sai yayin zubar da abu goma ya wuce. Ta kuma bar kiyashi masu yawa, har yau suna zuwa bakin taga su zaga bishiyar roba su koma. Su kaɗai ne suka riƙe zumunci.

Ga yadda aka tsara.

Gawa tana shagon kafinta, ƙarshen layin tsohuwar unguwarmu, mai son gani ya je, ya ɗaga murya in zai yi sallama. Ba a sa ranar binnewa ba.

Zaman karɓar gaisuwa zai fara ranar Asabar, daga an karya kumallo har magariba, kullum. A falo za a yi, don a nan ta rayu, a nan ta cika, kuma ba a karɓar gaisuwa a ɗakin baya, mutane sai su ce ɗana ba shi da tarbiyya. Ni zan zauna a kan doguwar farar kujera, ta tsakiya. Kowa ya san in na zauna a kanta ba na iya tashi, don haka ba zan tashi ba. Za a ba da shayi, mai kauri, irin wanda marigayiya ta saba gani. A zo da yara, tana son yara, kuma kada a hana su abin taɓawa a hannu, ranar baƙin ciki ce. Ƙanwata ta sanar da malaman da suka yi ritaya tare, su goma sha huɗu, ba su da wurin zuwa. An sanar da matan tsohuwar unguwa. Aminiyata mai sayar da gawayi ta ce ba za ta tsaya komawa gida ba, daga wurin aiki za ta biyo ta rungume ni. Mai son ɗaukar hoto ya ɗauka, akwai fitila mai zagaye.

Game da ranar tashi daga zaman, ba ni da ta cewa, ni mai makoki ce. Na dai ji kafinta ya ce aikin yini guda ne. Ranar da aka ga marigayiya a bakin taga, ranar za a watse. In ba a gan ta ba, ƙanwata ta ce akwai dangin maigidana da ba su ji ba tukuna, kuma suna da yawa, kuma su in sun zo kwana suke yi.

Ƙanwata tana rubuta wannan sai ga Amarya ta shigo da tire. Ashe ta daɗe a bakin ƙofa, tun wajen mai gawayi. Ta ajiye tiren, ta tsaya tana murza gefen mayafinta. Ta dubi mai tausa, ta dubi talabijin, ta dube ni zaune a bakin gado. Ta ce, "Mama, ashe ba kya jin daɗin ɗakin nan?" Na ce daɗi kai, har ya yi yawa. Ta gyara zaman tiren. Can ta ce, "Falon ma tun da kika bar shi yaran ba sa zama." Na ce Allah sarki. Ta ce, "To ita kujerar... in an dawo da ita, za ki yarda a rufa mata farin yadi?"

Na ce ai dama gawa farin yadi ake rufa mata, ba mu da ja.

Ta fita. Yanzu haka muna jin ana jan wani abu mai nauyi a falo, kamar tukunyar bishiya. Ƙanwata ta ce ko a yaga takardar. Na ce a'a, a tura wa kowa yadda take. Zaman Asabar yana nan daram har sai na zauna da ƙuguna na ji an ce ƙiiii.

Allah ya ba mu haƙuri, ya sa mu cika a wurin zamanmu.

Sanarwa daga mai kujera, a madadin iyalai.